Kare Zubin Dole a Wasan Foka Mai Iyaka: Lissafin Dala Goma

 

An nemi in yi magana kan yadda mutum zai yanke shawara alhali bai san abin da abokin karawarsa ya ɓoye ba. Sai na zaɓi wani ɗan lungu a cikin wasan kartar nan ta Amurkawa, wato foka, nau'in da ake kira Teksas Holdem mai iyaka. Na san akwai wanda ya ɗaure fuska da ya ga takardar gayyata, kuma yana da gaskiyarsa. Hukuncin caca a Musulunci sananne ne, ban zo in sassauta shi ba, ban kuma zo in tura ɗan kowa teburin caca ba. Lissafi ma da kansa yana cewa in ka tara riba da asarar duk waɗanda ke zaune a tebur, abin da zai fito asara ce, daidai da kamashon da gidan cacar ya yanka. Abin da ya kawo ni shi ne, wannan wasa ya daɗe yana zama fagen gwaji ga masana. John von Neumann da Oskar Morgenstern sun ware masa wuri a littafinsu na 1944 wanda ya kafa ilimin dabarun wasa, kuma a 2015 masu bincike a Kanada suka warware wani nau'insa da kwamfuta. Dukkan lissafin da za mu yi yau, mai biro da takarda zai iya bi na.

Ga yadda teburin yake. Mutum shida zuwa goma suna zaune a kewaye. Akwai wani ɗan farin faifai, bai kai tafin hannu ba, wanda ake turawa kujera ɗaya zuwa hagu bayan kowane rabo. Wanda faifan ke gabansa shi ne mai magana ta ƙarshe a kowane zagaye ban da na farko. Mutum biyun da ke hagunsa kuwa wajibi ne su zuba kuɗi tun ba su ga kartarsu ba: na farko ƙaramin zubi, na biyu babban zubi. Mu ɗauki wasan dala 10 da 20. Ƙaramin zubi dala 5 ne, babba dala 10. Ana ba kowa karta biyu a rufe, a yi zagayen zubi. Sannan a buɗe karta uku a tsakiya waɗanda kowa ke da haƙƙi a kansu, a sake zagaye; a buɗe ta huɗu, a zagaya; a buɗe ta biyar, a yi zagayen ƙarshe. Iyakar da ake faɗa ita ce, a zagaye biyu na farko ba mai zuba ko ƙara abin da ya wuce ko ya gaza dala 10 a lokaci guda, a biyun ƙarshe kuma dala 20. Ba wanda zai tura duk abin da ke gabansa don ya firgita ka. Wannan ne ya sa lissafin yake fita tas.

Me ya sa za mu ɓata yamma guda kan zubin dole? Domin a duk lokacin da faifai ya kewaya tebur sau ɗaya, kowane mutum ya zuba dala 15 ba da son ransa ba. A teburin mutum goma, faifai yakan kewaya kamar sau uku a awa, wato dala 45 ke nan. Tsohon ma'aunin da 'yan wasan ke amfani da shi kuwa shi ne, gwani a wannan wasa ribarsa ta awa kamar babban zubin zagayen ƙarshe ɗaya ce, dala 20. Kun ga ke nan kuɗin dolen ya ninka ribar gwani fiye da sau biyu. A teburin mutum shida abin ya fi haka tsanani, don faifai ya fi saurin dawowa.

To, yanzu kowa ya ajiye kartarsa har magana ta iso kan mai faifai, shi kuma ya ƙara zuwa dala 20. Mu fara shiga zuciyarsa. Ya sa 20 don ya kwashe 15 da ke tsakiya. In ya zamana masu zubin dole biyu suna janyewa fiye da sau 20 cikin 35, wato kashi 57 cikin 100, to ya ci riba ko da bai duba kartarsa ba. Wannan kuwa tare da ɗauka cewa duk sanda aka biya masa ya yi asarar ashirin ɗinsa gaba ɗaya, abin da ba haka yake ba, tunda shi ma yana da karta biyu kuma zai iya ci. Saboda haka mai hankali in ya sami kansa a kujerar faifai ba ya jiran hannu mai kyau. 'Yan wasan da kansu sata suke kiran wannan ƙari.

Mu dawo kanka, kai mai babban zubi. Mai ƙaramin zubi ya janye. A tsakiya akwai 20 na mai faifai, da 5, da 10 naka: dala 35. Ana neman ka cika dala 10. Goma cikin 45 kashi 22 ne cikin 100 da ɗan ɗoriya. In da a ce daga nan za a buɗe karta biyar ɗin ba tare da wani zubi ba, duk hannun da zai ci fiye da sau 22 cikin 100 ya cancanci a biya da shi. Hannu nawa ne suka gaza wannan? Ku ɗauki 7 da 2 waɗanda ba dangi ɗaya ba, wato tambarinsu ba iri ɗaya ba ne, hannun da aka fi rainawa a wasan. In ka gwama shi da A da K, yana ci kusan sau ɗaya cikin uku.

A nan ne mutane ke kasuwa gida biyu, kuma duka gidajen suna kuskure ɗaya. Na farko yana cewa, “Kuɗina ne, ba zan bari a kwashe mini ba,” sai ya biya da kowane tarkace don zuciya. Na biyu yana cewa, “Na riga na yi asarar goma, ba zan bi ta da wata goma ba,” sai ya janye da hannun da ya fi na ɓarawon. Dukansu suna kallon dala goman nan kamar har yanzu tasu ce. Tun da ta bar hannunka ta zama ta tsakiya, ba ta da bambanci da biyar ɗin maƙwabcinka. Abin aunawa ɗaya ne: in ka janye, asararka a wannan rabo dala 10 ce cif, kullum. In ka biya, kuma a kan dogon zango asararka da wannan hannu ta tsaya a dala 7, to ka tsira da dala 3. Ina so ɗalibai su riƙe wannan da kyau, domin yana da wuyar shiga rai: akwai shawarar da take daidai alhali mai yin ta asara yake yi, muddin asarar ta gaza ta ɗaya hanyar. Kujerar babban zubi kujerar asara ce ga kowa, har da gwanaye. Aikin da ke gabanka rage ta ne.

Sai tambaya ta biyu: me ke hannun mai ƙarin? Karta 52 tana ba da haɗin biyu-biyu guda 1,326. Tagwaye, wato karta biyu masu lamba ɗaya, 78 ne kacal a ciki. Tagwayen A da na K da na Q, waɗanda kowa ke tsoro, 18 ne. Wanda ya ƙara daga kujerun farko, da mutum bakwai ko takwas a bayansa, mu ce yana yin haka da hannu ɗaya cikin goma, kimanin haɗi 133. Sha takwas cikin 133 ya haura kashi 13 cikin 100, sauran kuma duk manya ne. Mai faifai kuwa, mu ce yana ƙarawa da rabin abin da aka ba shi, haɗi 663. Sha takwas cikin 663 bai kai kashi 3 ba. Ko da ka haɗa duk tagwayen, ba su kai kashi 12 ba. Ragowar su K da 6 ne, su J da 8, su 7 da 5. Ƙarin dala 20 ɗin iri ɗaya ne a ido, farashin da aka ba ka ma ɗaya ne, amma abin da ke bayansa ya bambanta ƙwarai. Kujerar da ke dama da mai faifai tana tsakanin biyun, don shi yana da mutum uku a bayansa, ɗaya kuma zai yi magana bayansa har ƙarshen rabo. Halin mutum ma yana shiga lissafi. Dattijon da ya yi awa biyu yana ajiye karta, ran da ya ƙara daga kujerar faifai, ba sata yake yi ba.

Da maganar ta tsaya a kashi 22, da na ce ku biya da komai mu tashi. Amma akwai zagaye uku a gaba, kuma a dukansu kai ne mai fara magana, shi yana bayanka yana kallo. Abin kamar a sayar maka da doki da arha ne: kuɗin saye daban, harawar kullum daban. Mu ƙirga. In ya yi ta zubawa kana biya har ƙarshe, za ka sa 10, da 20, da 20, ban da goman farko: dala 60. Abin da za ka ci in ka yi nasara shi ne 35 ɗin can da 50 nasa: dala 85. Sittin cikin 145 ya haura kashi 41 cikin 100. Ashe farashin gaskiya yana wani wuri tsakanin 22 da 41, gwargwadon yadda hannunka zai bar ka ka gane wurin tsayawa da wurin ci gaba. Shi ya sa 7 da 2 ba ya shiga, duk da kashi ɗaya cikin ukun da na faɗa. Yawancin lokacin da zai ci, sai an kai karta ta huɗu ko ta biyar, kai kuwa ba za ka iya biyan kuɗin zuwa can ba da hannu wofi.

Waɗanne ne ke shiga? Tagwaye duka. Duk hannun da ke da A, domin A kaɗai takan ci rabo in kowa bai haɗa komai ba. Galibin karta biyu masu dangi ɗaya, da masu bin juna kamar 9 da 8. Manya biyu kamar Q da 10. Inda nake so a yi hattara shi ne babbar karta mai ƙaramar 'yar rakiya, kuma a nan wanda ya ƙara shi ne ke sauya hukunci. K da 7 in ya haɗu da A da K, sau ɗaya cikin huɗu kawai yake ci, kuma ran da K ta fito a tsakiya ran ne zai fi biyan kuɗi. Amma 8 da 7 masu dangi ɗaya suna cin wannan A da K ɗin kusan sau 40 cikin 100. Don haka in mai tsantseni ne ya ƙara daga kujerar farko, na fi son 8 da 7. In ɓarawon faifai ne, K da 7 ya fi da yawa daga cikin abin da yake riƙe da shi, ajiye shi kuwa kyauta ce ka yi masa.

Yanzu an buɗe karta uku. A ganina nan ne ake asarar da ta fi ta kafin buɗi, kuma nan zan ɗan daɗe. Wanda ke riƙe da karta biyu mabambanta, yiwuwar ɗayarsu ta sami 'yar'uwarta a cikin ukun nan kashi 32 ne cikin 100. Sau biyu cikin uku ba ka haɗa komai ba. Mai faifai ya san haka, shi ya sa da ka wuce zai jefa dala 10 a kan 45, ko ya haɗa ko bai haɗa ba. Burgar nan tana biyan kanta in ka janye sau 10 cikin 55, kashi 18 kacal. In kai mai janyewa ne duk sanda ba ka haɗa ba, kana janyewa kashi 68, kusan ninki huɗu na abin da yake bukata. Ka biya goma a ƙofa don kawai ka miƙa masa ita bayan daƙiƙa talatin. Abin da ake mantawa shi ne, lissafin nan na kashi 32 yana kansa shi ma. Shi ma sau biyu cikin uku hannunsa wofi ne.

Bari mu bi rabo ɗaya a hankali. Kana da 9 da 8. An buɗe K, 8, 3, kowace da danginta. Ka haɗa tagwayen tsakiya. Mai tsoro yana ganin K sai gabansa ya faɗi. Amma K uku ce ta rage a cikin kartar, kuma galibin hannayen mai faifai babu ita. Ka ƙwanƙwasa tebur da yatsa, alamar ka wuce. Ya jefa 10. Ka tura 20. Mu ce Q da J yake riƙe da su. Yanzu akwai 75 a tsakiya, ana nemansa da 10, yana bukatar kusan kashi 12. Karta shida ke cetonsa cikin 45 da ba a gani ba, kashi 13. Ya biya, bai yi laifi ba. Ta huɗu ta fito 2. Ka zuba 20 a kan 85. Yanzu zai sa 20 don neman 105, yana bukatar kashi 16, abin da yake da shi shida cikin 44, bai kai 14 ba. Ko ya janye ya bar maka kuɗin, ko ya biya a kan farashin da bai dace ba. Da ka tsaya kana biya kawai, da ya sami damar wucewa a zagaye na uku ya ga karta ta biyar kyauta, wannan kuwa ita ce babbar ribar mai magana ta ƙarshe.

Wani lokaci kuma haƙuri ne maganin. Kana da A da 4, an buɗe 9, 6, 2. Ba ka haɗa komai ba, amma A ɗinka ta fi duk su K da J da Q da 10 da ke cike da jakarsa. In aka kai zagayen ƙarshe yana ta zubawa, akwai 125 a tsakiya, ana nemanka da 20. Kashi 14 ya ishe ka. In mutumin nan yana burga ko da sau ɗaya cikin bakwai, biya ya fi janyewa. A wannan wasa mai iyaka, biyan da bai dace ba dala 20 yake ci maka, janyewar da ba ta dace ba kuwa 125.

Akwai saɓani tsakanin gwanaye kan ko mai babban zubi ya mayar da ƙari zuwa 30 in yana da babban hannu. Wasu suna cewa kada ya yi. Hujjarsu ita ce, tunda mai faifai zai zuba bayan buɗi kusan kullum, goman da za ka samu yanzu za ka same ta can ta hanyar wucewa sannan ka ƙara, kuma ba ka tona kanka ba; biyanka da raunanan hannaye ma zai sami rufin asiri, don ba zai san wanne ne wanne ba. Hujjar tana da ƙarfi a kan mutumin da ba ya fasa zubawa. A kan wanda ya iya wucewa bayanka kuwa, ka bar kuɗi a ƙasa.

Mai ƙaramin zubi lamarinsa daban ne, kuma ba shi da tsawo. Zai cika 15 don neman 35, yana bukatar kashi 30, ga mutum a bayansa bai yi magana ba tukuna, ga shi zai fara magana a kowane zagaye. Janyewa kuma dala 5 kaɗai take ci masa. In ya biya kawai, ya ba mai babban zubi damar sa 10 a kan 50, farashin da zai shigo da shi da kusan komai, su zama uku. In ya ƙara zuwa 30, mai babban zubi zai sa 20 a kan 60, sau da yawa ya janye ya bar gomansa a tsakiya ba mai gadi. Shi ya sa shawarar da aka fi bayarwa a wannan kujera ita ce ƙari ko janyewa, da hannaye kaɗan fiye da na maƙwabcinsa. Kada kuma a manta da kamasho: in gida zai yanki dala 3 daga 45 ɗin nan, kashi 22 ya koma kusan 24, kuma a ƙananan wasanni yankan ya fi ciwo.

Wannan fahimta ba a rana ɗaya aka same ta ba. Wasan mai iyaka ya bunƙasa ne bayan da aka halatta Holdem a gidajen karta na Kalifoniya a 1987. Shekara guda bayan haka David Sklansky da Mason Malmuth suka fitar da littafin da ya zama abin karatun 'yan wasan, wanda ya kasa hannaye rukuni-rukuni, akasari don cikakken tebur. Da wasa ya koma intanet, teburan mutum shida suka yawaita, kwamfuta kuma ta riƙa ajiye kowane rabo, sai aka iya duba ainihin abin da kowane hannu ya jawo daga kujerar babban zubi. Littafin Nick Grudzien da Geoff Herzog na 2007 a kan irin waɗannan bayanai ya dogara. A lokacin kuwa hankalin jama'a ya riga ya koma kan nau'in da ba shi da iyaka, tun da Chris Moneymaker ya ci dala miliyan 2.5 a gasar duniya ta Las Vegas a 2003.

Masu bincike dai ba su saki mai iyaka ba. Manhajar Polaris ta Jami'ar Alberta ta sha kaye da ƙyar a hannun Phil Laak da Ali Eslami a Vancouver a 2007, ta dawo ta doke wasu gwanaye a Las Vegas a 2008. A Janairun 2015 mujallar Science ta buga aikin Michael Bowling da Neil Burch da Michael Johanson da Oskari Tammelin: manhajarsu Cepheus ta yi fiye da wata biyu tana wasa da kanta a kan ƙwaƙwalen kwamfuta 4,800, har ta kai inda ba mai iya cin ta a wasan mutum biyu, ko da zai ƙare rayuwarsa yana gwadawa. A wasan mutum biyu mai faifai shi ne mai ƙaramin zubi, don haka mai babban zubi yana sa 10 a kan 30 ne, farashin da ya fi namu tsada. Duk da haka Cepheus ba ta cika janyewa daga wannan kujera ba. Tana shiga da hannaye fiye da yadda gwanaye da yawa ke ba da shawara, tana kuma mayar da ƙari da ƙananan tagwaye irin su tagwayen 3 ko na 4. Adadin da ya fi burge ni shi ne wannan: in duka biyun suna wasa ba kuskure, mai babban zubi yana asarar kimanin kashi 88 cikin 1,000 na zubinsa a kowane rabo. A wasanmu na dala 10, santi 88 ke nan. Mai janyewa kullum yana asarar dala 10. Tazarar dala 9 da ɗoriya da ke tsakaninsu, ita ce abin da muka daɗe muna lissafawa. Sai dai a kiyaye, sakamakon na mutum biyu ne. Ɓarawon faifai a teburin mutum tara bai kai mai faifan Cepheus faɗin hannu ba, don yana da mutum biyu a gabansa.

Ɗalibai, ga aikin da za ku tafi da shi. A wasan dala 15 da 30, ƙaramin zubi dala 10 ne, babba 15, wato ƙaramin ya kai kashi biyu cikin uku na babban. Ku fitar mini da abu uku: sau nawa cikin 100 mai faifai ke bukatar a janye masa, kashi nawa mai babban zubi ke bukata kafin ya biya, da kuma ko shawarar ƙari ko janyewa tana nan da ƙarfinta ga mai ƙaramin zubi yanzu da 20 zai cika a kan 55. Na ukun ya fi na farko da na biyu wuya, don sai kun yi la'akari da abin da mutumin bayansa zai yi. Shugaban taro, a buɗe fagen tambayoyi.